Ranar da Baba Ya Kashe Mana Gidan Gwaji

Mahaifina bai taɓa fita daga ɗaki ya bar abu a kunne ba. Fitila, fanka, rediyo, kai har cajar waya, idan ya ga babu waya a jikinta sai ya zare ta daga bango. A gidanmu na Funtuwa, muna yara, idan ka fita ka manta fanka tana juyi, ba nan take zai yi maka magana ba. Zai bari sai ka yi nisa, ka shiga wasan ƙwallo ya yi daɗi, sannan ya aika a kira ka. Ka dawo da gudu kana haki, kana zaton wani babban abu ne ya faru, sai ya nuna maka fankar da haɓa ya ce, "Wa take yi wa fifita?" Ka kashe, ka koma. Haka ya yi mana, haka kuma ya yi wa malaman makarantar firamaren da ya riƙe a matsayin hedimasta har ya yi ritaya.

Dalilinsa biyu ne, kuma duk mun haddace su. Na farko, ɓarna ce, kuma Allah zai tambayi mutum. Na biyu, masu wuta ba su da tabbas. Sun taɓa ɗauke wuta, suka dawo da ita da ƙarfi babu kowa a gida, ta ƙona firjin Inna. Firjin nan ya fi wasu mamatan danginmu samun ambato a bakin Baba.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba ba ya kiran sunana. "Kai" nake. Da na gama jami'a na samu ƙarin girma na koma "Injiniya", amma da irin muryar da yake faɗin ta, ba ka rasa jin 'yar zolaya a ciki.

Aiki ya kawo ni Riyadh, wata masana'anta a kudancin gari inda ake ƙera gidaje. Idan na faɗi haka a gida sai a zaci bulo muke bugawa. A'a, gida ne sukutum. A cikin wata ƙatuwar rumfa ake haɗa bango da rufi da ƙofofi da tagogi, a ja wayar wuta, a sa famfo, a shafa fenti, sannan injin ɗaga kaya ya ɗora shi a tirela a kai shi inda za a zauna. Nawa ɓangaren shi ne bango. Ni nake tsara abin da ake cusawa a tsakiyarsa don kada zafin waje ya ratso, kada kuma sanyin ciki ya tsere. Wanda bai yi bazara a Riyadh ba, zai ga wannan ƙaramin aiki ne. A nan ƙarfen ƙofar mota yana iya ƙona maka tafin hannu da azahar, kuma na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa ke kira mukayyif, ba kayan alatu ba ce, da ita ake rayuwa. Gidan da bangonsa ba shi da kyau, mukayyif ɗinsa ba ya hutawa, wuta kawai yake sha.

A shekarar da nake ba da labari, masana'antar ta samu babbar kwangila, gidaje masu yawa na iyalan ma'aikata a wani gari cikin sahara. Amma masu kwangilar sun kafa sharaɗi: sai mun kawo takardar shaida cewa gidajenmu ba sa cin wuta, kuma kafin ƙarshen bazara. Yadda ake samun takardar kuwa, sai an gwada. Za ka ajiye gida ɗaya a fili cikin rana, masu gwaji su zo su jera ƙananan na'urorin auna zafi a ciki, su ɗaura mita, su kunna mukayyif, su rufe ƙofa su manna mata hatimi, su tafi. Kwanaki gidan zai yi a haka, babu mai shiga, mukayyif yana aiki. Idan sun dawo sai su duba wutar da ya sha kafin ya riƙe sanyinsa. Kuma masu gwajin ba su da yawa, layinsu dogo ne. Tun lokacin sanyi muka shiga layi, sai tsakiyar zafi aka zo kanmu.

Mudir, wato shugaban masana'antar, bai ɓoye mini komai ba. Mutum ne mai fara'a, amma ba ya kwana-kwana. Ya ce, "Ya muhandis," wato injiniya, "bangon nan naka ne. In shaida ta fito, mu sabunta kwantaraginka. In ba ta fito ba, kwangila ta tafi, sashenka ma rufe shi za a yi." Kwantaragin nan shi ke riƙe da iƙamata, takardar zama, ita kuma iƙamata ita ke riƙe da ta matata da ta 'ya'yana mata biyu. Babbar tana shirin shiga ajin ƙarshe na sakandare. A nan aka haife ta, da Larabci ta yi duk karatunta, Hausarta ma sai an yi haƙuri da ita. Idan aka ce mu tattara mu koma a wannan gaɓar, ban san makarantar da zan kai ta ta ƙarasa ba. Abin da nake kwana da shi nake tashi da shi ke nan a bazarar nan.

A cikin wannan hali Baba ya zo. Inna ta rasu a shekarar da ta gabata, kuma ƙannena sun ce tun daga lokacin ya rage magana, sai zagaya gida yana kashe fitilun da babu wanda ya kunna. Muka shirya ya zo ya yi Umara, sannan ya zauna tare da mu a unguwar Malaz ya ɗan huta.

Hutun da bai yi ba ke nan, don ya tarar da aiki. Gidanmu na haya a bene yake, kowane ɗaki da mukayyif ɗinsa, kuma mun saba barin su a kunne. Baba ya ɗaura ɗamarar yaƙi. Matata ta shiga kicin ta fito ta tarar da falo ya yi ɗumi. Yara su je banɗaki su dawo su tarar an kashe na ɗakinsu. Ita matata, da yake suruki ne, ba ta iya cewa komai, sai dai ta bi bayansa a hankali tana kunnawa, shi kuma ya zagayo ya sake kashewa. Babu wanda ya taɓa yi wa wani maganar. Ƙaramar 'yata ce kawai take iya tunkararsa, ta ce, "Jaddi, harr!" wato Kaka, zafi, shi kuma ya ce, "Ke da kika fita, ɗakin ne ya gaya miki yana jin zafi?" Ni dai dariya nake yi. Har daɗi nake ji, don na ga ya samu abin yi.

Ranar Alhamis masu gwaji suka zo suka rufe gidanmu na gwaji, za su dawo Lahadi. Juma'a da Asabar hutu ne a nan. Bayan mun sauko daga masallacin Juma'a sai Baba ya ce, "Injiniya, har yanzu ba ka nuna mini inda kake wannan aikin naka ba." Tun ina yaro nake jiran ranar da zai tambayi wani abu nawa da kansa. Ana yin la'asar na ɗauki mota.

Na zagaya da shi rumfar, babu kowa sai mai gadi. Ya shafa bangon da ba a gama ba, ya danna soson da ke ciki da yatsa, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya saurara, ya tambayi ko ruwan sama ba ya shiga ta mahaɗa. Muka fito fili, na nuna masa gidan da ke tsaye shi kaɗai cikin rana, injin mukayyif yana gurnani a bayansa. Na ce, "Wancan shi ake gwadawa, Baba. Ba a shiga." Iyakar abin da na faɗa ke nan, sai mai gadi ya kira ni, wai wani direban tirela ya kawo kaya a ranar da ba ta kamata ba, yana bakin ƙofa yana rigima. Na bar Baba a inuwa na tafi. Rigimar ta ɗan ja, don direban ba ya jin Larabcina, ni ma ba na jin nasa.

Da na dawo na same shi zaune a kan wani benci yana jan carbi, fuskarsa a sake. A mota, muna hanyar komawa, ya yi gyaran murya ya ce, "Aikin yana da kyau." Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba, ko ranar da na kawo sakamakon jami'a. Na ce, "Na gode, Baba," na ƙara riƙe sitiyari da kyau don idona ya kawo ruwa.

Washegari Asabar, muna cin abincin rana. Matata ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar da take saye wurin wata mata a unguwar Jaradiya, saboda Baba ya gaji da kabsa, shinkafar Larabawa. Ya kai loma ya haɗiye, sannan ya ce, "Af, na manta ban gaya maka ba. Ka ja kunnen yaranka na wurin aiki."

Na ce, "Me suka yi, Baba?"

"Gidan nan da ka nuna mini. Ka ce ba a shiga, ban shiga ba. Amma na leƙa ta taga. Babu kowa a ciki, ko kujera babu, ga inji yana ta aiki tun ban san yaushe ba. An tafi hutu an manta shi. Na zagaya baya na ga akwatin makunnin a jikin bango, na ja hannun ƙasa." Ya sake yankar tuwo. "Ba don na je ba, da haka zai yi ta sha har Lahadi."

Matata ta ajiye cokalin miya a hankali. Ita ta san komai, da ita nake raba fargabar. Ni kuwa na cire hannuna daga kwano. Na ce, "Baba, jiya?" Ya ce, "Jiya mana, da ka tafi wurin mai tirela."

Ina da zafin rai, ma'aikatan sashena za su ba da shaida. Amma ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, kuma ban fara a ranar ba. Na tashi na wanke hannu, na ce akwai abin da zan dubo. Sai da na sauka na shiga mota na rufe gilashi sannan na yi ihun da ke cikina, na bugi sitiyari har hon ya yi ƙara, wani maƙwabci da ke wucewa ya waiwayo. Ba Baba kaɗai nake jin haushi ba. Ina jin haushin direban tirela, da wanda ya sa akwatin makunni a waje babu kwaɗo, da masu wutar Funtuwa da suka ƙona firjin Inna.

Tun daga bakin ƙofar masana'anta na ji shirun. Mai gadi bai lura ba, ɗakinsa yana can nesa, nasa mukayyif ɗin yana ta ƙara. Na tsaya a bayan gidan, hannuna a kan makunni. Zuciya ta ce in mayar da shi sama in yi shiru. Amma na'urorin da ke ciki ba sa barci, sun riga sun rubuta lokacin da aka kashe, za su kuma rubuta lokacin da aka kunna, sai abin ya koma kamar wanda ya yi ɓarna yana ɓoyewa. Na sauke hannuna na kira mudir. Na gaya masa abin da ya faru. Ya ce, "La haula wa la ƙuwwata illa billah. Ka san ƙa'idarsu, ya muhandis. Gwajin da ya ɓaci, su kwashe kayansu, ka koma ƙarshen layi." Na sani. Ƙarshen layi kuwa lokacin sanyi ne, bayan wa'adin kwangila ya wuce. Ya ce gobe mu ce matsalar wuta ce aka samu, ko za su tausaya. Na kashe wayar na koma mota.

Da na koma gida, matata ta tare ni a ƙofa ta ce a hankali, "Abban yara, ya tambaye ni. Ya ce in gaya masa gaskiya. Ban iya yi masa ƙarya ba."

Na same shi a ɗakinsa a zaune bakin gado, mukayyif a kashe, gumi yana bin wuyansa. Hularsa tana hannunsa. Ban taɓa ganin Baba ya yi ƙanƙanta haka ba, kuma wannan ya fi maganar aikin yi mini ciwo. Duk haushin da na taho da shi ya zube. Bai kalle ni ba ya ce, "Aikin naka zai tafi?"

Na so in ce a'a. Amma shi ya koya mini ba a yi masa haka. Na ce, "Yana iya tafiya, Baba."

"Da karatun yarinyar nan."

"Allah zai kawo mafita. Ni ne ban yi maka bayani ba."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. "Hannuna ne ya ja ƙarfen nan, ba bakinka ba. Gobe da ni za a je."

Na fara cewa ba sai ya wahalar da kansa ba, ga rana, ga nisa. Ya ce, "Ban tambaye ka ba." A nan na ɗan ji sanyi, don muryar hedimasta ce ta dawo.

Da safiyar Lahadi ya fito cikin farar babbar rigarsa ta Idi, da hula zanna, ya fesa turare. Har muka isa carbi kawai yake ja. Mudir yana fili yana kai da komo. Da ya ga Baba ya gaishe shi da ladabi, sannan ya jefo mini wani kallo mai nufin me ya kawo tsoho nan.

Mai gwajin ya iso. Ɗan ƙasa ne, bai kai ni shekaru ba, da farar jallabiya da jan mayafi a ka, kuma an san shi da rashin wasa a kan aikinsa. Yana fitowa daga mota ya tsaya ya karkata kai. Shi ma shirun ya ji. Mudir ya buɗe baki zai fara zancen matsalar wuta, sai Baba ya tako gaba ya yi sallama.

Larabcin Baba na zaure ne, wanda ya koya a gaban malaminsa da littattafai, ba irin na kasuwar Riyadh ba. Yana magana a hankali, kowace kalma da cikakkiyar rigarta. Ya ce, "Ya ɗana, ni ne mahaifin wannan injiniyan. Ni na kashe na'urar nan ranar Juma'a bayan la'asar, da hannuna. Bai sani ba, bai umarce ni ba. Idan akwai hukunci, a kaina ya kamata ya faɗa, ba a kansa da iyalinsa ba."

Mudir ya dubi ƙasa. Mai gwajin ya dubi Baba tun daga hula har takalmi, ya ce, "Ya ammi," wato kawu, "me ya sa ka kashe?"

Baba ya ce, "Babu kowa a ciki."

Mutumin ya kalli gidan. Sai na ga ya ja gefen mayafinsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi. Ya ce wallahi kamar mahaifinsa ne yake magana. Ya ce tsohonsa a gidan ƙasa ya tashi, a ƙauye, kafin wuta ta je, kuma har yau idan baƙi suka fita salla sai ya bi ya kashe mukayyif ɗin falo, su dawo su tarar da wuri ya yi zafi. Ya kama hannun Baba da hannu biyu ya girgiza. Na fara jin numfashina yana dawowa. Sai ya juyo gare ni, dariyar ta ɗauke, ya ce, "Amma gwajin ya ɓaci, ya muhandis. Ba zan sa hannu a kansa ba."

Na ce na sani. Me zan ce?

Ya yanke hatimin ya buɗe ƙofa don ya kwashe kayansa, muka bi shi. Ciki da ɗumi, ba zan ce babu ba, amma ba irin tanderun da nake tsoro ba. Ya haɗa na'urorin da kwamfutarsa, ya tsuguna a ƙasa tunda babu kujera, ya zuba wa allon ido. Ya daɗe. Sannan ya yafito ni. Ya nuna mini layin zafin ɗakin: ga inda Baba ya ja makunni, daga nan layin ya fara hawa, amma a hankali, kamar tsoho yana hawa bene. Sanyin bai gudu ba. Ya kwana a gidan, ya kai har cikin ranar Asabar kafin zafi ya ci ƙarfinsa. Ya ce shi bai saba ganin wannan ba, don babu wanda yake kashe masa na'ura a tsakiyar gwaji. Ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa ya ce, "Wa ya tsara wannan?" Kafin in amsa, Baba ya ce daga bakin ƙofa, "Ɗana ne."

Mai gwajin ya miƙe ya ce wannan layin ba ya cikin abin da ake ba da shaida da shi, kuma ba zai sa shi a ciki ba. Amma ya ce bari ya yi waya. Ya fita fili cikin rana yana magana yana zagaye, ya gama da wannan ya kira wancan. Ba na jin abin da yake cewa. Takalmansa kawai nake kallo suna zuwa suna komawa, ina karanta duk addu'ar da ta zo mini. Baba yana gefena, kafaɗarsa tana taɓa tawa.

Da ya dawo ya ce masana'antar da ke bin mu a layi ba ta gama haɗa nata gidan ba, dama tana neman a ɗaga mata. Don haka kayansa za su zauna a nan, a sake gwaji daga farko, yau ɗin nan. Mudir ya ce "Alhamdu lillah" da ƙarfi har mai gadi ya leƙo. Ni kuwa na jingina da bangon nawa.

Mai gwajin ya ce amma da sharaɗi biyu. Na farko, a kawo kwaɗo a rufe akwatin makunnin nan, mabuɗin kuma a aljihunsa zai kwana. Na biyu, ya juya ga Baba yana murmushi, "Wanda ya kashe, shi zai kunna."

Muka zagaya bayan gidan gaba ɗayanmu. Baba ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, ya kama ƙarfen, ya yi bisimilla, ya tura shi sama. Injin ya yi tari ya kama gurnani. Aka jira ɗakin ya yi sanyi, aka saita na'urori, aka rufe ƙofa, aka manna sabon hatimi, aka datse kwaɗo. Muna tafiya wurin mota Baba yana waiwaye. Sai da muka hau titi ya ce, "Yanzu haka za a bar shi? Babu kowa a ciki?"

Na ce, "Haka za a bar shi, Baba."

Ya girgiza kai ya ce, "Allah Ya yafe mana."

Dariyar da na kasa yi tun jiya ta ƙwace mini, har sai da na gangara gefen titi na tsaya. Shi ma ya yi, kaɗan, yana kallon taga.

Kwanakin da suka biyo baya, kullum na dawo daga aiki tambayarsa ɗaya ce tun ina cire takalmi: "Yana kunne?" In ce yana kunne. Ya ce, "Ka ji ƙararsa da kunnenka, ko gaya maka aka yi?" Wata rana bayan sallar magariba na ji shi yana addu'a a fili, a cikin abin da yake roƙo har da Allah Ya sa kada a ɗauke wuta. Na ce, "Baba, nan ba a cika ɗaukewa ba." Ya ce, "Haka muka ce ranar firji." Matata ta shige kicin da sauri, na ji ta tana dariya a can.

Shaidar ta fito, kuma da daraja mai kyau. Ba zan iya kwatanta yadda na ji ba, sai dai in ce a ranar na ci abinci na ji ɗanɗanonsa, abin da na kwana biyu ban ji ba. Mudir ya rungume ni, ya aiko wa Baba da kwalin dabino. Aka sabunta kwantaragi, aka sabunta iƙama, babbar 'yata ta shiga ajinta na ƙarshe tare da ƙawayenta. Yanzu kowane gida da ya fita daga rumfarmu akwai ɗan allo manne kusa da ƙofarsa mai nuna ba ya cin wuta. Na ɗauki hoton ɗaya na nuna wa Baba. Ya sa tabarau ya duba da kyau, ya ce, "To, ashe aikinmu ɗaya da kai. Kai dai naka da inji kake yi."

Ranar da zai koma gida, mun sauke jakunkuna, matata da yara sun riga sun sauka wurin mota. Kamar kullum, Baba ne na ƙarshen fita. Ina tsaye a bakin ƙofa da mabuɗi ina jiransa. Ya leƙa ɗakinsa, ya leƙa na yara, ya dawo falo. Mukayyif ɗin falo yana aiki. Na ga hannunsa ya tafi wurin makunni da kansa, yadda ya saba tun kafin a haife ni. Sai ya tsaya, yatsansa a kai, bai danna ba. Ya juyo ya kalle ni. Mutumin da bai taɓa neman izinin kowa ba kafin ya kashe abu, a gidansa ko a gidan wani.

Ya ce, "Injiniya, wannan fa? Shi ma gwada shi ake yi?"

Na ce, "A'a, Baba. Kashe abinka."

Ya kashe. Ya tsaya ya saurari shirun, ya gyara zaman hularsa, sannan ya wuce gabana ya fara sauka, ni kuma na rufe ƙofa na bi bayansa.